Ranar da Baba Ya Kira Ni da Sunan Mama

"Ragna, mako uku ke nan fa! Mako uku ina jiran kalma ɗaya daga bakinki!"

Ban ɗago ba. Na ci gaba da gyara zaman kwandon abinci a bayan mota, alhali tun ɗazu ya zauna daram.

"Halvard, don Allah ba yau ba..."

"To yaushe? Ranar Litinin suke jiran amsa. Yau Asabar."

"Na iya lissafin kwanaki."

"Ai na ga alama."

Na rufe bayan motar da ƙarfin da ban yi niyya ba. Ya tsaya yana kallona, hannuwansa cikin aljihu, fuskarsa kamar ta wanda aka hana barci. Shekara huɗu muna tare da shi. Makaniken injinan jiragen ruwa ne, kuma ga shi an ba shi aiki a Tromsø, can ƙuryar arewacin ƙasarmu, tafiyar kwana biyu a mota daga ƙauyenmu. Aikin da yake mafarki ne tun kafin ya san ni. Ya ce in bi shi mu yi aure a can.

"In na bi ka, wa zan bar wa Baba?"

"Ban ce ki yar da shi ba, zuciyata. Cewa na yi ki gaya mini abin da ke kike so."

Abin da nake so! Da na sani ai da tuni na faɗa.

Ni kaɗai iyayena suka haifa. Mama Aslaug ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar ni da Baba Torleif da gonar tuffa da ke gangarowa har bakin ruwa. Lokacin sanyin da ya wuce likita ya tabbatar mana da abin da na daɗe ina tsoro: Baba ya kamu da ciwon mantuwa. Wata rana garau yake, har ya lissafa maka sunan kowace bishiya a gonar. Wata rana kuma sai in tarar da takalminsa a cikin firji.

Ƙofar gida ta buɗe. Baba ya fito sanye da kwat ɗinsa na zuwa coci a kan rigar sanyin da Mama ta saƙa masa, rungume da fulas ɗin kofi.

"Kun gama faɗan, ko in koma in ƙara jira?"

"Ba faɗa muke yi ba, Baba."

"Madalla. Ashe maƙwabta ne na jiyo."

Duk shekara, Asabar ɗin farko bayan an share ƙanƙarar hanyar kan dutse, shi da Mama sukan hau zuwa tsohuwar bukkar kiwo ta danginta. A can suka fara haɗuwa. Bara bai ko ambaci zancen ba. Bana kuwa tun ranar Laraba ya matsa mini, sai an je, kuma sai da Halvard. An karɓe masa lasisin tuƙi, don haka ya zauna a gaba kusa da Halvard, ni ina baya ina kallon ƙeyarsu.

Hanyar ta bi gefen ruwa. Duwatsu sun miƙe hagu da dama, ruwan ƙanƙarar da ta narke yana zubowa daga samansu fari tas. Gidajen katako jajaye suna wucewa ɗai-ɗai. Na san kowace kwana a hanyar nan, amma ranar ji nake kamar baƙuwa ce ni.

"Yaro, ƙwai ka ɗauko ne a motar nan?" in ji Baba.

"Dokar hanya ce, Baba. Sittin aka rubuta."

"Sittin! Ni da sittin nake fita daga gareji."

Halvard ya yi dariya. Ni ma na so in yi, sai na hango idonsa a madubi yana neman nawa. Na kau da kai.

Muka samu jirgin fito yana shirin tashi, muka shiga da motar a ƙurarren lokaci. Da muka hau sama wajen mai sayar da kofi, Baba ya riga mu isa gaban kanta.

"Fanke huɗu. Ɗaya kada ki sa sukari, matata ba ta so."

Matar ta dube mu, ta ƙirga mu da ido. Na buɗe baki zan yi magana, Halvard ya taɓa hannuna a hankali.

"Huɗu," ya ce mata.

Muka zauna kusa da taga. Baba ya ajiye na huɗun a gefensa, ya rufe shi da takarda. Ya cinye nasa, ya goge baki, ya dubi wanda ya rufe ɗin ya daɗe. Sai ya tura wa Halvard.

"Cinye. Ban san wanda ya sayi wannan ba, ɓarnar abinci kawai."

Na tashi na fita waje inda iska take. Ruwan kore shar, sanyi yana dukan fuskata. Ina son mutumin da ke ciki yana cin fanke marar sukari don kada tsoho ya ji kunya. Ina son tsohon kuma. To me ya sa son ɗaya zai zama kamar cin amanar ɗayan?

Daga ɗaya gaɓar hanya ta fara hawa. Kwana bayan kwana, har kunnuwana suka toshe. Bishiyoyi suka yi ta gajarcewa har suka ƙare. Can sama ƙanƙara ta yi katanga gefe da gefe, ta fi motar tsayi, rana tana dukanta har sai ka runtse ido. Wasu tumaki suka kwanta a tsakiyar kwalta suna shan ɗumi, ƙararrawar wuyansu tana ƙara.

Halvard ya danna ham. Ko kallonsa ba su yi ba.

Baba ya sauke gilashi ya yi wani irin kira da ban taɓa jin ya yi ba, siriri mai tsayi. Tumakin suka miƙe gaba ɗaya suka ba mu hanya.

"Aslaug ce ta koya mini," ya ce, yana ta washe baki. "Kai kuma sai injin ka sani."

Wajen ƙarfe ɗaya muka isa. Bukkar tana nan yadda take, ciyawa ta tsiro a rufinta, ga ɗan tafki a gabanta wanda rabinsa bai gama narkewa ba. Muka shimfiɗa bargo a kan benci, na fito da burodi da cuku mai zaƙi. Kofin da ke cikin fulas ya riga ya ƙare a hanya, sai Halvard ya ɗauki buta ya gangara rafi ɗebo ruwan dafa wani.

Muka rage ni da Baba. Ya kama hannuna ya ɗora a kan gwiwarsa.

"Aslaug..."

Ya sha manta ranar mako, ya sha manta sunan maƙwabci, amma bai taɓa kasa gane ni ba.

"Baba, ni ce..."

"Saurara, kafin yaran nan su dawo. Na yi wani abu, ban yi shawara da ke ba."

Ban ƙara gyara masa ba. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

"Borghild ta kai ni gidan kula da tsofaffi na cikin gari. Na ga ɗakin. Tagarsa tana kallon ruwa. Na sa hannu, in an gama cirar tuffa zan koma. Gonar kuma ɗan maƙwabcinmu zai riƙa nomawa."

Borghild ƙanwarsa ce, goggona. Ko jiya mun yi waya da ita, ba ta ce mini komai ba.

"Kada ki gaya wa Ragna," ya ce, ya rage murya. "Taurin kai ne da ita irin naki. In ta ji, cewa za ta yi ba inda za ta. Yaron nan kuwa na kirki ne, Aslaug. Tuƙinsa ne kawai ba kyau."

Hawaye suka cika mini ido. Gaskiya yake faɗa, ko ciwon ne yake saƙa masa labari? Ban san lokacin da na ji bakina yana tambayarsa ba, da irin muryar da Mama take yi masa magana.

"Torleif... kai kana so ka je?"

Ya dubi tafkin.

"Ina fa! Tsoro nake ji. Ina tsoron in farka a ɗakin da ban sani ba, in yi ta kira ba wanda na sani. Amma na fi tsoron ranar da yarinyar nan za ta dube ni ta ga ni ne na cinye mata ƙuruciya."

Na zare hannuna. Na ce masa ina zuwa. Na ruga gangaren nan ina tuntuɓe da duwatsu, har na iske Halvard durƙushe a bakin rafi.

"Lafiya? Ragna! Me ya faru?"

Na gaya masa, rabi da magana rabi da kuka. Sannan na ciro waya na kira Goggo Borghild.

"Goggo, gaskiya ne kin kai Baba ya sa hannu?"

Ta amsa a hankali.

"Shi ya roƙe ni, 'yata. Kuma ranar garau yake, likita ma yana wurin. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba..."

Na kashe wayar.

"To shi ke nan," na ce wa Halvard, ina share fuska. "Ka samu abin da kake so. An share maka hanya."

Ya ajiye butar. Ya yi ta murza ƙeyarsa.

"Ragna... ni ma akwai abin da ban gaya miki ba. Na rubuta musu tun ranar Alhamis. Na ce ba zan karɓi aikin ba."

Na tsaya ina kallonsa kamar da wani yare ya yi magana.

"Me ka ce?"

"Na ƙi aikin."

"Tun Alhamis? To da safen nan faɗan me kake yi da ni? Wace Litinin kake ta kira mini?"

"So nake in ji daga bakinki! Ko ki ce in zauna, ko ki ce za ki bi ni, ko ma ki ce in tafi in ba ki wuri. Mako uku kina kallona kamar wani nauyi da aka ɗora miki. Na rasa gane ko har yanzu kina so na!"

"Shi ne ka yi mini ƙarya?"

"Na yi. Ban kyauta ba."

"Kai! Wato Baba ya tattara kansa zai tafi don in bi ka, kai kuma ka yar da aikinka don in zauna da shi, Goggo tana riƙe da asiri, ni kuwa ina tsakiya kamar tunkiyar kan hanya! Ba wanda ya tambaye ni!"

"Ni na tambaye ki. Sau nawa?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na juya masa baya na kama hawa. Ya biyo ni da butar tana zubar da ruwa.

Da muka iso bukkar, bencin ba kowa.

Bargon yana ƙasa. Burodin yana nan ba a taɓa ba.

"Baba!"

Duwatsu suka maido mini da muryata. Na leƙa cikin bukkar, na zagaya bayanta. Idona ya kai kan tafkin nan, inda ƙanƙara ta tsattsage.

"Wayyo Allah, Halvard, ni na bar shi! Ni na bar shi shi kaɗai!"

Ya kama kafaɗuna ya girgiza ni.

"Dube ni. Ba sawu a bakin tafkin, na duba. Fulas ma ba ya nan, ya ɗauka. Wanda ya ɗauki fulas tafiya ya yi niyya. Zo mu bi hanya."

Muka faɗa mota. Ranar na ga Halvard ya manta da dokar sittin. Kwana ta farko ba kowa. Ta biyu ba kowa. Ina riƙe da ƙofa ina kiran sunan Allah a zuci. A ta uku sai ga shi, zaune a kan wani dutse a gefen titi, kwat ɗinsa a kan cinya, fulas a hannu, takalmansa sun jiƙe sharkaf.

Tun motar ba ta gama tsayawa ba na diro. Na rungume shi ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Ragna, za ki karya ni," ya ce.

Ragna. Sunana ya kira.

"Ina za ka, Baba?"

"Wallahi ban sani ba. Na tashi da niyyar zuwa wani wuri, da na zo nan sai niyyar ta gudu ta bar ni." Ya dubi fuskata da kyau. Idanunsa sun washe, na Babana ne na da. "Na faɗa miki, ko? Na san na faɗa wa wani. Nauyin ya sauka daga ƙirjina."

"Ka faɗa."

"Tir. Borghild za ta ci ni ɗanye."

Halvard ya tsuguna ya cire masa takalman, ya tuɓe tasa safar ya sa masa. Baba yana kallonsa.

"Kai kuma yaushe tafiyar?"

"Na fasa, Baba."

"Ka fasa? Ni na sa hannu a takarda, kai ka fasa?" Ya juyo gare ni. "Wannan wane irin sakarai kika samo?"

"Irinka ne, Baba."

Sai ya fashe da dariya, har da tari. Halvard ma ya kama. Ni kuwa ga dariya ga hawaye, na rasa wanne zan bi.

Da muka lafa, Baba ya kama hannuna.

"To yanzu ke me kike so? Ki faɗa yanzu da nake nan. Ban san ko gobe ni za ki tarar ba."

Na dubi duwatsun, na dubi Halvard da ke tsugune da ƙafa ba safa a kan tsakuwa mai sanyi. Tromsø, gona, ɗaki mai taga... duk ban san amsarsu ba. Amma a ƙarƙashin ruɗanin nan na taɓo abu ɗaya da bai motsi.

"Ban san inda za mu zauna ba. Ban san ko zan yarda ka koma gidan tsofaffin nan ba. Ban ma san ko na yafe wa wannan ƙaryarsa ba. Abu ɗaya na sani. Ina so a ɗaura mana aure bana, tun kana gane ni. Ina so kai ka riƙe hannuna ka kai ni wajen ango a coci."

Halvard ya ɗago a firgice.

"Ragna... da gaske? Ni?"

"A'a, tumakin can. Kai mana!"

Ya miƙe ya rungume ni. "Rabin raina... na ɗauka na rasa ki."

"Saura kaɗan," na ce a kunnensa.

"In kun gama," in ji Baba, "yunwa nake ji, kuma ba a ba ni kofi ba."

Muka koma bukkar muka dafa kofin. Muka ci burodinmu a rana, Baba yana ba mu labarin yadda Mama ta kore shi da sanda ranar da ya fara zuwa, don ta ɗauka ɓarawon tumaki ne. A hanyar dawowa ya yi barci tun kafin mu kai jirgin fito, kansa jingine da gilashi. Halvard ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, na riƙe.

Ba komai ne ya warware ranar ba. Halvard ya kama aiki a wajen gyaran jirage na garinmu, kuma na san akwai ranakun da yake tuna wancan aikin, ko da bai faɗa. Takardar Baba mun roƙa an ɗage ta zuwa shekara mai zuwa, amma ciwon ya fi mu sauri. Kafin Kirsimeti sai da ya koma gidan tsofaffin. Kullum ina zuwa, in zauna da shi a bakin tagar. Wata rana ya san ni, wata rana ya tambaye ni ko ni ce sabuwar ma'aikaciya.

Amma auren an yi shi a kan lokaci, ƙarshen watan Agusta, a ƙaramin cocin katako na ƙauyenmu.

Ranar Baba ya tashi da ruɗewa. Goggo Borghild ta sha fama kafin ya yarda ya sa kaya. Muna tsaye a bakin ƙofar cocin, hannuna cikin nasa, an fara kiɗa, jama'a sun miƙe. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Ragna. Kin yi kyau, 'yata."

Na cije leɓe don kada in ɓata kwalliya.

Muka fara takawa. Mun kai tsakiya sai ya sunkuyo ya raɗa mini.

"Wai wanne ne angon?"

"Wancan dogon, Baba. Wanda yake kuka."

Ya tsaya cak a tsakiyar coci, ya ƙare wa Halvard kallo. Sannan ya gyaɗa kai, ya ce da muryar da kowa ya ji:

"Ya yi. Ko ni aka ba zaɓi, shi zan zaɓa miki."

Ya ja hannuna muka ƙarasa.